Borrow da Lend: Wa ke Karɓa, Wa ke Bayarwa?

Ana tsakiyar jarrabawa biro ya ɗauke, ɗalibi ya raɗa wa na gefensa: "Borrow me your biro." An gane shi sarai. Amma in ya rubuta wannan jimla a takardar Turanci ta WAEC ko NECO, jan biro ne zai bi ta kanta.

Daga Hausa kuskuren yake tasowa. Mukan ce "na ari littafi", mu kuma ce "na ara masa littafi". Tushen kalmar ɗaya ne, ƙarshenta kawai ya sauya. Abin da Bahaushe ya kula da rarrabewa shi ne aro da rance: ka ari tabarma, ita ɗin za ka mayar, ka ranci kwano biyu na gero, da wani geron za ka biya. Bature bai raba nan ba. Tabarma ce ko naira dubu biyar, duk ɗaya ne a wurinsa. Shi hannu yake dubawa. Mai karɓa, borrow. Mai bayarwa, lend.

To, ga yadda ake gina su. Borrow abu ɗaya take ɗauka, wato abin da aka ara, sannan from ta nuna mai shi: "Binta borrowed a pot from her neighbour." Binta ta ari tukunya a wurin maƙwabciyarta. Sunan mutum ba ya bin borrow kai tsaye. In ka ce "borrow me", a kunnen Bature kai ne kayan aron.

Lend kuwa tana ɗaukar biyu, mutum da abu, kuma hanyarta biyu ce. Ko mutum ya fara zuwa ba tare da to ba: "Lend me your biro." Ko abu ya fara, to ta biyo: "Lend your biro to Audu." Kar ka gauraya su ka ce "lend to me your biro".

Wurin roƙo, dubi wanda ke aikin. In kai ne, "Can I borrow your phone?" In shi ne, "Can you lend me your phone?" Buƙata ɗaya, I ta tafi da borrow, you ta tafi da lend.

Shuɗaɗɗen lokaci ma yana kayar da mutane. Borrow mai sauƙin kai ce: borrowed, borrowed. Lend ba ta karɓar ed, lent take komawa: "He lent me money yesterday." Lended ba ta da wurin zama a takardarka.

Akwai wata jimla da ke kama da kuskure alhali daidai take: "He borrowed money for me." Ba daga aljihunsa ya ba ni ba, wajen wani ya je ya ranto domina.

Loan kuma suna ce, bashin kansa: "She took a loan from the bank." A Amurka ana yawan amfani da ita a matsayin aikatau, "loan me ten dollars", amma a jarrabawa riƙe lend ya fi kwanciyar hankali. Idan da kuɗi za ka biya kafin a ba ka abin, kamar shago ko kujerun biki, wannan haya ce, sai ka nemi rent ko hire.