Rago ne suka saya: ina sabon labari yake zama a jimlar Hausa?

[Kasuwar dabbobi a Tahoua, yara na jan rago]

Tun da bidiyon nan ya zagaya WhatsApp, wanda wani malamin Ingilishi ke danna murya a kan kalma guda don a san ita ce mai muhimmanci, ɗalibai ke ta aiko mini da tambaya: mu ma haka muke yi a Hausa? A'a, ƴan uwa.

Duk maganar da za ka yi kaya biyu ta ɗauko: abin da mai sauraro ya riga ya sani, da sabon da ka kawo masa. Masanin harshe Michael Halliday ya yi bayanin haka a 1967. Ingilishi kan ɗora nauyin murya a kan sabon. Faransanci kuwa ya fi son "c'est… qui" ɗin nan da kuka sha a lakwal.

[Itacen kuka, sannan jariri a goye]

Mu muryarmu tana da nata aikin. Kukar miya da kukan jariri, hawa da saukar murya ne ya raba su. Shi ya sa muka fi dogara da sauya wa kalma mazauni.

[Tsakar gida, kaka a kan tabarma]

"Yara sun sayi rago." Labari ne kawai. Sai kaka ta ce, "Akuya suka saya?" A ce mata, "A'a kaka, rago ne suka saya."

Ku tsaya nan. Sayen, ta san da shi; ragon ne sabo. Ya dawo gaba, "ne" ta biyo shi, wannan kowa na gani. Inda ake tuntuɓe shi ne abin da ya biyo baya: "sun" ta koma "suka". Gwada cewa "rago ne sun saya" ka ji yadda kunnenka zai ƙi. "Sayi" ma ta koma "saya", tunda ba abin da ya rage a bayanta. Haka "Musa yana jan rago" ke zama "Musa ne yake jan rago". Da tunkiya ce, sai a ce "tunkiya ce suka saya". Ku lura, ko tambayar "me suka saya?" da "suka" take tafe.

[Rubutu a allo: sun, suka, sunka]

A nan Adar, yankin Tahoua, kuwa za ka ji "rago na sunka saya", "tunkiya ta sunka saya". Raina na ɓaci in na ji ana ce wa yaro wannan kuskure ne. Ƙa'idar guda ce, har masanin harshe Bernard Caron ya rubuta littafi sukutum kan Hausar Adar a 1991.

[Komawa kasuwa, dillali riƙe da igiya]

Yanzu ku saurari dillalin nan yana gyara wa mai saye: "Alhaji, wanga na anka taya, ba wancan ba."