Darasin lafiya: yaron da ba ya zama wuri ɗaya, a ba shi magani ko a bi wata hanya?

Mai gabatarwa: Masu sauraro, assalamu alaikum daga nan Yamai. Likita, iyaye da yawa na kuka da yaro mai rawar kai, wanda malami ke koro shi kullum, ga ɓatar da kaye, ga tashi ana tsakiyar darasi. Wasu sun ji akwai ƙwaya, wasu sun tafi neman rubutu. Ina za a fara?

Likita: Wa'alaikumus salam, Malama. A fara da tabbatar da cewa cutar rashin natsuwa da yawan motsi ce. A takardun asibiti da Faransanci za ku ga an rubuta TDAH. A duniya kusan yara 5 cikin 100 ke da ita. Amma ba kowace ƙiriniya ba ce. Sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri biyu ko fiye: gida, makarantar boko, makarantar allo. Yaron da ke natsuwa gida amma ya birkice a aji, sai a duba ajin. Wataƙila yana can baya cikin taro, ana darasi da Faransancin da bai kama ba tukuna.

Akwai kuma abubuwan da ke kama da ita, waɗanda dole a cire tun farko. Kunnen da ke zubar da ruwa har ji ya ragu. Idon da ba ya hango allo. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga yaranmu. Fita makaranta da ciki wayam. Rashin isasshen barci. Yaron da ya taɓa masassarar cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko mai amosanin jini. Sannan akwai wata farfaɗiya da ba ta kayarwa: yaro ya ƙame kamar sakan 10, ido buɗe, a kira shi bai ji ba, ya dawo kamar ba a yi ba. Wannan maganinta daban ne. Saboda haka a je CSI, wato cibiyar lafiya ta kusa, da karnen yaro, a auna jini, a duba kunne da ido, in ya kama a tura ku babban asibitin ƙasa, inda ke da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Mai gabatarwa: To an duba, ita ce. Sai ƙwaya?

Likita: Shekarunsa ne za su ba da amsa. Ƙasa da shekara 6 ba a farawa da ƙwaya, iyaye ake koya wa yadda za su bi da shi. Daga 6 zuwa sama ma da wannan horon na iyaye ake farawa, amma in abin ya yi tsanani, karatu ya tsaya, yaro na faɗawa titi ba dubawa, ana jibgarsa kullum, to hana shi magani ma cutarwa ce. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar a 1999, kan yara 579 na tsawon wata 14. Waɗanda suka sha magani bisa kulawa ta kusa, ko shi kaɗai ko haɗe da horo, sun fi waɗanda aka yi wa horo kaɗai samun sauƙin alamun. Ni dai abin da nake so iyaye su gane, ƙwaya tana buɗe ƙofar natsuwa na wasu awoyi, ba ta koya wa yaro karatu ko ladabi. Wannan aikin yana nan yana jiran ku.

Sunan maganin metilfenidat, ana sayar da shi da sunan Ritaline ko Concerta. Yana cikin magungunan da doka ta tsaurara a duniya, likita ne kawai ke rubuta shi. Nau'in gajeren aiki ana fara shi da miligiram 5, sau ɗaya ko biyu a rana, safe da tsakar rana. Yana kamawa cikin kamar minti 30, ƙarfinsa ya ƙare bayan awa 3 zuwa 4. Likita ke ƙarawa kaɗan-kaɗan mako-mako, ba a wuce miligiram 60 a rana. Mai dogon aiki sau ɗaya ne da safe, kuma Concerta ba a tauna shi, ba a fasa shi, domin an gina shi ne ya riƙa sakin magani sannu a hankali.

Kafin ƙwaya ta farko a auna tsawo, nauyi, bugun zuciya da hawan jini. A faɗa wa likita in yaro ya taɓa suma, ko in wani a dangi ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya. Inda aka fi samun matsala shi ne abinci: maganin na kashe yunwa, sai yaro ya ture kwanon rana. A ba shi karin kumallo mai nauyi kafin ya sha, koko da ƙosai ko fura da nono, da dare kuma a bar shi ya ci ya ƙoshi. In an ba shi da la'asar, barci na iya gagara. In ya yi shiru kamar ba shi ba, adadin ya yi yawa, a koma wurin likita. Ciwon ƙirji ko suma kuwa, a dakatar a tafi asibiti ranar. Nauyi a riƙa aunawa duk wata 3, tsawo duk wata 6.

Ina roƙon iyaye da babbar murya: kada a sayi ƙwayar sa barci ko tramol wurin masu tallar magani a ba yaro don ya lafa. Wannan bugarwa ce.

Mai gabatarwa: Rubutu da tofi fa, Likita? Da masu cewa a hana shi sukari?

Likita: Addu'a da tofi ba su karo da magani, a ci gaba. Damuwata saiwoyi da sassaƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Duk abin da yaro ke sha, likita ya sani. Sukari, bincike bai nuna shi ke kawo cutar ba, a rage shi don haƙori. Man kifi amfaninsa kaɗan ne. Ƙwayar ƙarin jini sai awo ya nuna ƙaranci. Shayin dare da lemu mai kafeyin kuwa a janye su gaba ɗaya, don ɗan makaranta yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12.

Horon gida ga yadda yake. Ki matso kusa da shi, ki kira sunansa, ya dube ki, ki ba shi aike ɗaya tak, ya maimaita miki. In kika haɗa uku, na farko kawai zai riƙe. Da ya yi, ki yaba nan take, ki faɗi abin da ya yi daidai. Aikin gida a yanka shi minti 10, hutu, minti 10, waya da telebijin a kashe. Ya samu awa guda ta guje-guje ko ƙwallo kowace rana. A roƙi mushe, wato malaminsa, ya zaunar da shi gaba, nesa da taga, ya riƙa sa shi share allo ko raba kaye don ya motsa jiki da izini. Bulala ba ta gyara wannan, tsoro da ƙarya take ƙarawa.

Kuma kada a canza komai lokaci guda. In aka fara ƙwaya, aka sauya makaranta, aka kawo jiƙo duk mako ɗaya, ba wanda zai san me ya yi aiki. A ware kaye guda, uwa ta rubuta barci da cin abinci, malami ya sa maki daga 1 zuwa 5 kan zama da gama aiki, a kai wa likita ranar komawa.