Hirar bayan sallah: saƙon Onarabul da ya ambaci masu haƙar kabari

Habu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sallah, da fatan an ci nama lafiya. Habu ne, ga Hajiya Rabi ga Nura, yau kam ba sai na faɗi maganar da za mu yi ba, tun daren sallah wayata ba ta huta ba kowa turo min saƙon nan yake yi.

Nura: Ni sau bakwai ya shigo min Yaya, har a gurup ɗin 'yan ajinmu na firamare.

Rabi: Ni Umma ce ma ta fara kunna min, tana tsakiyar suya ta ajiye matsami ta ce Rabi zo ki ji, yau ɗan majalisarmu ya tuna da masu haƙar kabari.

Habu: To ga wanda bai ji ba, saƙon murya ne na barka da sallah da Onarabul ɗan majalisarmu ya fitar...

Rabi: Haba Yaya Habu wa ye bai ji ba. Ni abin da ya taɓa ni daban ne, kun san yadda aka saba ai, fosta ce da hoton mutum da babbar riga, a ce ana taya al'ummar musulmi murna, a yi kira da a zauna lafiya a yi wa shugabanni addu'a, shikenan sai wata sallar. Wannan kuwa zama ya yi ya dinga kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, nas-nas masu diyutin dare, ungozomomi, 'yan kwana-kwana, masu shara, 'yan sintirin unguwa, direban motar asibiti, masu wankan gawa, wallahi da ya zo kan ungozoma sai da na ji tsigar jikina ta tashi saboda kun san yayata.

Nura: Anti Babba.

Rabi: Ita. Shekara goma sha tara tana aikin nan, kuma ban fi tuna sallah huɗu ko biyar da ta yi cikakkiya a gida ba. Akwai wata sallah da ba zan manta ba, ta ɗinka atamfarta ta goge ta sa a leda ta tafi da ita wurin aiki wai in ta tashi da asuba ta yi wanka a can ta wuce idi. Ƙarfe ɗayan dare aka ɗauke wuta, janareta ba mai, ga mace a kan gwiwa ga wata a baranda tana jira, sai ta kunna tocilar wayarta ta riƙe da baki don hannuwan biyu duk suna aiki. Haihuwa uku ta karɓa kafin gari ya waye. Ta shigo gida wajen goma, an sauko idi tuni, yaranta sun tafi yawon sallah da ƙanwar babansu, atamfar tana nan a ledarta ko buɗewa ba a yi ba, kuma gefen wayar duk shatin haƙoranta ne, ni na gani da idona.

Habu: Allahu akbar.

Rabi: To ita na tura wa saƙon. Ta saurara sau biyu ba ta ce komai ba, can sai ta rubuto min, ashe an san muna nan. Shi ya sa duk wanda zai ce min ai magana ce kawai, ni ban yarda magana ce kawai ba.

Nura: Anti ni ban raina ba fa, yaba kyauta tukuici, na yarda. Amma abin da ke ci min rai shi ne mutumin nan ba mai wa'azi ba ne, ɗan majalisa ne, su ne ke zama a kan kasafin kuɗi, su ne doka ta ba ikon kiran shugaban hukuma su tambaye shi ina kuɗi suka shiga. Tun watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, amma je ki tambayi matan da ke sharar titi da asuba, da yawansu 'yan wucin gadi ne ba sa cikin wannan lissafin, haka masu aikin sa-kai a ƙananan asibitoci. Sannan dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, to mai bibiyar ko kuɗin sun isa asibitin da Anti Babba take, ai irinsu ne. Janaretan da ba mai ɗin nan aikinsa ne ya tambaya.

Rabi: Wannan gaskiya ne ƙanena ban musa ba, amma ka tsaya ka ji. Wanda bai taɓa kiran sunanka ba ta ina zai tuna da kai ranar kasafi? Ka tuna watan Fabrairun 2013 da aka harbe masu allurar shan inna tara a nan Kano, suna bakin aikinsu, kuma bayan haka 'yan uwansu ba su ajiye akwatin rigakafin ba, suka ci gaba da bin gida-gida da hijabinsu da alli suna rubutu a bangon zaure, har Agustan 2020 aka ce an kawar da cutar ta daji daga Afirka baki ɗaya. Da aka zo murna hoton wa aka gani? Manya ne a zauren taro. Haka 'yan kato da gora na Maiduguri da suka taso a 2013 da sanduna, haka waɗanda suka fito da kwale-kwale lokacin ambaliyar madatsar Alau a Satumbar 2024, duk mutanen da ba su da ofis ba su da kujera, to in yau wani mai kujera ya buɗe baki ya ce na gode muku, ni sai na riƙe maganar hannu bibbiyu, gobe ma da ita zan kama shi, in ce ranka ya daɗe kai da bakinka ka ce su ne ginshiƙinmu.

Habu: Wato dai hujja ya ba ku.

Rabi: Hujja ya ba mu, kuma na yi ajiyarta a waya.

Habu: Ni kuwa abin da ya tuno min, a unguwarmu duk babbar sallah ana haɗa nama gida-gida a kai wa masu gadin dare da ofishin 'yan kwana-kwana, bana ni aka ba kwanon, na tarar da su zaune a benci da takalman robarsu a ƙafa ko cirewa ba sa yi, saboda ranar suya ita ce ranar da suka fi tsoro, kowane gida wuta da mai a tsakar gida ga yara na guje-guje.

Nura: Wane irin nama aka kai musu?

Habu: Soyayye mana.

Rabi: Kash, da dambu kuka yi musu.

Habu: Dambu ranar sallah? Hajiya wa ke da lokacin daka ranar.

Rabi: Ai mai aikin dare dambu ya fi masa, ya ɗiba da hannu ɗaya ya watsa a baki ya ci gaba da aikinsa, ba ƙashi ba maiƙo, kuma ya yi wata bai lalace ba.

Nura: Anti soyayyen da aka soya da kitsensa ya bushe ƙarau ai har watan cika-ciki ana ci.

Rabi: Ana ci da haƙora ko ana faɗa da shi?

Habu: A'a ku tsaya, duk kun manta da kauri, kayan cikin nan na ranar farko, hanta da ƙoda da tumbi da ɗan yaji, wannan shi ne sallar ma.

Rabi: Kauri ba ya fita daga gida Yaya Habu, duk wanda ya ce maka ya kai wa wani kauri to ragowa ce.

Nura: Mu a gidanmu hantar maigida ake fara gasa wa, da ita yake buɗe baki in an dawo idi.

Habu: Haka muka taso mu ma. Sai kai da ƙafa washegari.

Rabi: Farfesun kai da gurasa, wayyo. Umma sai ta kwana tana dahuwa a kan itace, ta ce gas ba ya fitar da ɗanɗanonsa, kuma ni na gwada na ga gaskiyarta.

Nura: Itacen ne ko haƙurin?

Rabi: Duka biyun, da daddawa.

Habu: To jama'a mun yi nisa, mun ce fa za mu karanta saƙonnin masu sauraro sannan mu fitar da abubuwa uku da za mu roƙi Onarabul.

Rabi: Bari in ƙarasa na masu kabarin nan don shi ne ya fi tsaya min. Ka je maƙabarta ranar sallah ka gani, mutuwa ba ta hutun sallah, za ka tarar da dattijo da diga da shebur rigarsa jiƙe da gumi ƙafarsa duk jar ƙasa, mutane na wucewa a titi da sababbin kaya, shi kuma abin da zai samu sai abin da masu gawa suka miƙa masa, wani ya ba da wani ya manta saboda ruɗewa. Kuma kun tuna Afrilun 2020 lokacin korona, ai su ne suka fara faɗa wa duniya cewa gawarwakin da ake kawowa a Kano sun wuce ƙima, tun kafin hukuma ta ce komai, don su ne ke ƙirgawa da hannunsu. Lokacin da muka binne Baba wanda ya haƙa kabarin bai ma tsaya an gode masa ba, ya ɗau digarsa ya koma gefe ana kiransa wani wurin, har yau ban san sunansa ba kuma abin yana damuna.

Nura: Allah ya jiƙan Baba.

Habu: Amin. Ana ɗaga min hannu lokaci ya tafi, Nura faɗi naka guda ɗaya da sauri.

Nura: Sola a ɗakin haihuwa, cikin ayyukan mazaɓa na bana, kafin ƙaramar sallah mai zuwa mu je mu gani.

Rabi: Da alawus na wata-wata ga masu maƙabarta, kuma ya je da ƙafarsa ya...

Habu: Na ukun da saƙonninku sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, mai saƙo daga Zinder mun gani ba mu manta ba. Hajiya ina dambun da kika ce kin kawo?

Rabi: Yana mota, Nura ɗauko makulli.