Kafin a buɗa bakin bindiga: yadda ake sauya matsin bakin bindigar harbin faifai

Ku dubi bakin wannan bindiga da kyau. Bututu biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, irin wadda ake wasan harbin faifan yumɓu da ita a filayen Ingila, inda ake cilla faifan sama a harbe shi. Da ido za ku rantse ramukan nan biyu faɗinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Na saman ya fi na ƙasan tsukewa da abin da bai kai kaurin farce ba, kuma wannan ɗan bambanci shi ne batunmu na yau.

Irin wannan bindiga ba harsashi guda take fitarwa ba, ƙwayoyi ne masu yawa suke fita tare su bazu. Gram 28 na ƙwayar dalma lamba 6 (lambar girman ƙwayar ke nan), a lissafin Ingila, ya kai ƙwaya 270. To ƙarshen bututun, inci ɗaya ko biyu kafin baki, ana tsuke shi kaɗan domin ƙwayoyin su fita a dunƙule, su daɗe ba su watse ba. Wannan matsin baki shi ne cok.

A bindiga mai lamba 12 (lambar girman bututun ke nan), faɗin ramin kusan milimita 18.5 ne. Idan ba a tsuke ba ko kaɗan, silinda ke nan. Daga nan sai kwata, rabi, kwata uku, sai cikakken matsi, wanda gaba ɗayansa kamar milimita 1 ne. Iyakar abin ke nan, milimita ɗaya. Amma ku duba aikinta. A tazarar yadi 40, cikin da'ira mai faɗin inci 30, silinda yakan zuba kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyin, cikakken matsi kuwa kashi 70. A cikin 270 ɗin nan, ana maganar 108 a gefe guda, 189 a ɗaya gefen.

Dabarar ta tsufa. William Pape, maƙerin bindiga na garin Nukasil a Ingila, ya yi rajistar tasa a 1866, amma W. W. Greener na Bamingam ne ya fito da ita sarari, bayan bindigoginsa sun yi zarra a gasar gwajin da mujallar The Field ta shirya a 1875.

To me zai sa mutum ya so sauyawa? Wasan ne ya bambanta. Mai wasan da ake kira tiraf, faifan guje masa yake yi, kafin ya ja kunama ya yi nisa, don haka yana son baki a tsuke. Mai wasan sikit kuwa faifan gilmawa yake yi kusa da shi, matsi mai yawa sai ya sa ya riƙa kuskure, ƙwayoyin na wucewa a dunƙule ta gefen faifan. Sai ka ga mutum ya sayi tsohuwar bindiga mai kwata uku a bututu ɗaya da cikakke a ɗayan, alhali duk harbinsa bai wuce yadi 25 ba.

Idan bindigar ta zamani ce, abin da sauƙi. Matsin ɗan guntun bututu ne mai zare, ana murɗa shi a cikin baki da makulli. Kamfanin Winchester ne ya yaɗa wannan tsari a ƙarshen shekarun 1960. A buɗe bindigar ta gindi, a tabbatar babu komai a ciki, a kwance wannan a ɗaura wancan, a shafa ɗan giris a zaren don kada ya cije. A kuma riƙa taɓa shi tsakanin harbi, domin yakan saki.

Inda magana take shi ne bindigar da aka ƙera matsin a jikin bututun. Nan sai maƙerin bindiga. Zai fara auna ramin da ma'auni, ya auna bakin, ya ga bambancin. Sannan ya zura abin yanka ta gindin bututun, ya rage ƙarfe kaɗan-kaɗan, ya goge da man gogewa har ciki ya yi santsi. Garin da yake zubowa a kan tsumma bai cika cokalin shayi ba. Amma kamar yadi ne a hannun tela, abin da almakashi ya ci ya tafi. Ana buɗa cikakke ya koma rabi, rabi ba ya komawa cikakke. Kuma idan hannu ya karkata, ramin ya fi ci ta gefe ɗaya, bindigar ta daina kai ƙwaya inda ido yake kallo. Shi ya sa ba aikin gida ba ne, ba kuma na mai walda ba.

Ni dai a ganina, mutane da yawa suna gaggawar kai bindiga a yanka tun ba su san abin da take yi ba. Alamar matsi da aka buga a jikin bututu alkawari ne kawai. Gaskiyar tana kan allon gwaji. Ga shi nan: faffaɗan faranti na ƙarfe, an shafe shi da farin fenti. A tsaya a yadi 40, a harba, a zagaye wurin da ƙwayoyi suka fi taruwa, a ƙirga tabon ɗaya bayan ɗaya, a sake shafewa a maimaita. Sau da yawa canza harsashi kawai yakan buɗa tarin ko ya tsuke shi, ba tare da an taɓa ƙarfe ba.

Akwai hanya ta tsakiya. Kamfanoni irin su Teague a Ingila da Briley a Amurka suna yanka zare a tsohon bututu su saka siraran cok masu kwancewa, muddin kaurin bangon zai ɗauka. A Birtaniya bindigar da aka yi wa haka sai ta koma gidan gwaji, na Landan ko na Bamingam wanda aka kafa a 1813, a harba ta da harsashi mai ƙarfi fiye da kima, a sake buga mata hatimi. Sayar da bindigar da ba ta da ingantaccen hatimin gwaji laifi ne a dokar ƙasar.

A 'yan shekarun nan kuma wani abin da ke kawo wa maƙera wannan aiki shi ne barin dalma. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita tun 1991, Ingila ta kafa irin wannan takunkumi a 1999. Ƙwayar ƙarfe da ta maye gurbinta ba ta lotsewa kamar dalma. Idan ta taru a baki mai tsananin matsi, tana iya kumbura bututun, ya yi zobe a bayan cok ɗin, a bindiga mai baki biyu har haɗin bututun yana iya sakewa. Don haka shawarar da ake bai wa masu tsofaffin bindigogi ita ce kada matsin ya wuce rabi idan da ƙarfe za a yi harbi. Ƙarfen ma da kansa yakan fita a dunƙule fiye da dalma, ta yadda rabi da ƙwayar ƙarfe kan yi kusan aikin da cikakke yake yi da dalma.