Amsoshin Tambayoyinku: Me Zan Karanta a Kan Tsufa, Baƙi da Bangaskiya?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ga mu kuma a filinku na Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku na ware yau, kuma dukansu abu ɗaya suke nema: a nuna musu abin da za su karanta.

Ta farko daga wani dattijo ne a Wusasa ta Zariya, tsohon malamin makaranta mai shekara 74. Ya ce tun da ya sauka daga kujerar dattawan ikilisiya yake jin kamar an naɗe shi an jingine a lungu irin na tsohuwar tabarma. Ido ya rage, gwiwa ta ƙi, ba mai zuwa neman shawararsa. Yana tambaya ko akwai littafin da zai koya masa yadda ake tsufa ba tare da zuciya ta yi ɗaci ba.

Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ba zan fara aika ku kantin littattafai ba, domin abin da zan nuna muku yana kan teburinku. A ƙasarku ta Zazzau ne Dakta Walter Miller ya yi shekaru yana aiki, kuma yana cikin waɗanda suka yi wahalar fassara har Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. Ku buɗe shi a 2 Sama'ila, ƙarshen sura 17, sannan sura 19 daga aya 31. Akwai wani tsoho a wurin, Barzillai mutumin Gileyad, wanda ban cika jin ana wa'azi a kansa ba, alhali kuwa ya cancanta.

Lokacin da Dawuda ya gudu daga gaban ɗansa Absalom ya sauka a Mahanayim, mutanensa sun gaji, ga yunwa ga ƙishirwa. Barzillai da wasu mutum biyu suka kawo shimfiɗu, da kwanoni, da tukwane, da alkama, da sha'ir, da gari, da wake, da zuma, da tumaki, da cuku. Shekarar Barzillai 80 a lokacin. Ba zai iya riƙe takobi ba, amma ya san rumbunsa na iya abin da hannunsa ya kasa. Da aka ci yaƙi, sarki ya ce masa ya biyo shi Urushalima ya zauna a fada. Ku karanta amsar da ya bayar sannu a hankali. Ya ce ba ya ƙara jin ɗanɗanon abin da yake ci ko sha, kunnensa ba ya ɗaukar muryar mawaƙa, to don me zai zama wa sarki kaya? A bar shi ya koma garinsu ya mutu kusa da kabarin mahaifinsa da mahaifiyarsa. Sai ya ce ga wani mai suna Kimham nan, a tafi da shi, a yi wa Kimham alherin da aka so yi wa shi tsohon.

Abin da ke taɓa ni a nan shi ne, tsohon bai ɓoye raunin jikinsa ba, bai kuma yi kuka a kansa ba. Ya faɗe shi yadda yake. Bai manne wa girman da aka miƙo masa ba, ya tura yaro gaba da hannunsa, da yardar ransa. Kuma abin bai ɓace ba: a 1 Sarakuna 2:7, Dawuda yana bakin mutuwa ya bar wa Sulemanu wasiyya cewa 'ya'yan Barzillai su riƙa ci a teburinsa. Baba, kujerar da kuka sauka daga kanta wani ne a kai yanzu. Tambayar da zan bar muku ita ce: wane ne Kimham ɗinku?

Bayan wannan sai Zabura 71, addu'ar tsoho ce mai roƙon kada Allah ya yashe shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Ku lura da aya 18, dalilin da ya ba Allah shi ne yana so ya shaida wa na baya ikonsa. Sai Zabura 90, sai Ishaya 46:4, sai sura ta 12 ta littafin da wasu fassarori ke kira Mai-Wa'azi, wasu Mai Hadishi. A can aka kwatanta tsufa da gidan da masu niƙansa suka ragu, wato haƙora, masu leƙe ta tagoginsa kuma suka dushe, wato idanu. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da kuke ji.

Tun da kuna karanta Turanci, ku nemi tarihin Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. Ɗan Afirka ne, an haife shi a 354. Yana da shekara saba'in da 'yan kai ya zauna ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda ya yi kuskure da inda zai faɗi magana dabam da a ce yau ne. Malami irinku zai san nauyin wannan aiki. Da ciwon ajali ya kama shi a shekara ta 430, ya sa aka rubuta masa zaburan tuba aka manna a bango kusa da gadonsa yana karantawa. Game da ido kuwa, kada ku ji nauyin sa jika ya karanta muku. Akwai kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saurara a waya. Amma ni na fi son jikan, domin a nan ne zai yi tambaya ku kuma ku ba shi amsa.

Wasiƙa ta biyu daga wata 'yar'uwa ce a Jos, 'yar Zumuntar Mata. Gidanta yana kusa da asibiti, don haka duk wanda ya kawo majinyaci daga ƙauyensu a wurinta yake sauka. Wani ya yi mako, wani wata. Ga tsadar masara da shinkafa. Ta ce tana dafawa tana gunaguni a zuci, daga baya kuma kunya ta kama ta. Me za ta karanta?

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Abin da kike yi shi ne abin da Matiyu 25:35 ke magana a kai, wato karɓar baƙo, ko kin ji daɗinsa ko ba ki ji ba. Kuma ki duba 1 Bitrus 4:9, inda aka ce a riƙa karɓar juna ba tare da gunaguni ba. Da masu bi na farko ba sa gunaguni, da manzo bai rubuta wannan ba. Ba ke kaɗai ba ce.

Ki karanta labarin matar Shunem a 2 Sarakuna 4. Ɗakin da ta yi wa Elisha kaya huɗu ne kawai a ciki: gado, tebur, kujera, fitila. Kuma sai da ta shawarci mijinta. Yawancin gajiyarmu da baƙi daga tsoron kunya take fitowa, muna yanka kazar da ba mu da halinta don kada a koma ƙauye a ce an ga rowarmu. Iyayenmu kuwa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Tuwo da miyar kuka da sakin fuska sun fi shinkafa da nama da ɗaure fuska.

Akwai wani ɗan ƙaramin littafi na ikilisiyar farko da ake kira Didake, wato Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu. Cikin zama ɗaya za ki gama shi. Sura ta 12 ta ce a taimaki matafiyi iyakar iyawa, amma zamansa kwana biyu ne ko uku. In kuwa yana so ya zauna, kuma yana da sana'a, to ya yi aiki ya ci. Ashe tun wancan zamani sun san baƙo raɓa ne. Mai jinya ba za ki kore shi bayan kwana uku ba, wannan gaskiya ne. Amma ba zunubi ba ne ki ce wa mai lafiya ya ɗebo ruwa, ko ki gaya wa dangi su haɗo da ɗan hatsi in suna tahowa. Ki kuma kai maganar gaban Zumunta. Nauyin gari guda bai kamata ya tsaya a kan murhu ɗaya ba.

Sai dokokin da Benedik ya rubuta wa masu zaman sufanci a Italiya a ƙarni na 6. Sura ta 53 ta ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya zo, musamman matalauta. Baba na Wusasa, in har kuna tare da mu, sura ta 66 taku ce. Ta ce a sa tsoho mai hankali a bakin ƙofa, wanda ya san yadda ake karɓar saƙo da yadda ake mayar da amsa, wanda shekarunsa ba za su bar shi ya tafi yawo ba. Da na karanta wannan sai na ga zauren gidan kakanmu. Shi ma Ibrahim, a Farawa 18, yana zaune ne a ƙofar alfarwa da tsakar rana, yana da kusan shekara 100, ya hango mutum uku ya ruga ya tarye su. Matasa duk sun fita neman abinci. Wanda ke gida sa'ad da baƙo ya yi sallama, tsoho ne.

Wasiƙa ta ƙarshe gajera ce, daga wani saurayi ɗalibi a Maraɗi. Ya ce shakka tana damunsa, yana addu'a yana jin kamar ba mai ji, kuma yana tsoron gaya wa fastonsu.

Ƙanena, ka fara da Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, ka karanta ta gaba ɗaya cikin kwana biyu. A sura 9 aya 24 za ka gamu da wani uba da ya ce wa Yesu ya ba da gaskiya, amma a taimaki rashin bangaskiyarsa, kuma Yesu bai kore shi ba, ya warkar masa da ɗa. Daga nan sai Habakuk, sura uku, annabin da ya fara da tambayar Allah har yaushe. In ka samu Pilgrim's Progress na John Bunyan, wanda ya fito a 1678, ka ɗauka. Bunyan mai gyaran tukwane ne da ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford a Ingila saboda ya ƙi daina wa'azi, kuma a cikin labarin akwai inda matafiyin ya faɗa kurkukun shakka ya kusa fid da rai. Amma kada ka karanta kai kaɗai a ɗaki. Ka nemi wani dattijo a majami'arku wanda ya binne mata ko ɗa kuma har yau yana zuwa sujada, ka roƙe shi ku riƙa karantawa tare. Ka gaya masa abin da ka gaya mana.

Roƙona ga duk mai saurare: in akwai littafin da ya taimake ku a kan ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku, ku rubuto mana sunansa da abin da ya yi muku, musamman in da Hausa yake, za mu karanta a wannan fili. Wanda kuma yake da shi a cikin akwati, ya fito da shi ya kai majami'a ranar Lahadi ya ba wani aro.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.