Amsoshin Tambayoyinku: Idan Yaro Ya Cije a Karatu, Me Za a Ce Masa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko wata uwa ce ta aiko daga Funtuwa. Ta ce ɗanta yana aji biyu na firamare, duk sanda ya cije a kan kalma takan faɗa masa, to yanzu ko ƙoƙari ba ya yi, sai ya ɗago kai yana kallon bakinta. Yaya za ta yi?

To Hajiya, ki fara da yin shiru. Idan ya cije, ki ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuci kafin ki ce komai, sau da yawa kafin ki gama ya warware abarsa. Tun ƙarshen shekarun 1970 masana a ƙasar Niyu Zilan suka koya wa iyaye haka: a dakata, a ɗan tuna wa yaro hanya, sannan a yaba masa.

Idan shirun bai wadatar ba, a ce kalmar "takalmi" ce, ki sa yatsa ki rufe ta, ki bar "ta" kaɗai a buɗe. "Karanta min wannan." Sai ki janye yatsa, "kal" ta fito, sannan "mi". "Yauwa, haɗa su." Ya gwada sau biyu bai samu ba? Ki faɗa masa ba tare da tsawa ba, ya maimaita jimlar daga farko, ku wuce. Wajen yabo kuma ki ambaci abin da ya yi: "Madalla, da fari ka ce kafa, sai ka ga lanƙwasar ka gyara ka ce ƙafa."

Ta biyu daga wani malamin firamare ne a Azare. Ya ce an taɓa koya musu cewa idan yaro ya kasa, a ce masa ya dubi hoto ya canka. Shin daidai ne?

Malam, gaskiya ban goyi bayan haka ba. Dabarar ta samu gindin zama ne bayan wani masani Ba'amurke, Kenneth Goodman, ya rubuta a 1967 cewa karatu wani nau'in canka ne. Amma kwamitin ƙasa kan karatu a Amurka a 2000, da rahoton Jim Rose a Ingila a 2006, duk sun ƙarfafa koyar da sautin haruffa daki-daki. Ka duba ajinka: an rubuta "jaki", yaro ya hango dabba mai ƙafa huɗu a hoto ya ce "doki". Idan ka ce "ka kusa", ka koya masa ɗauke ido daga haruffa ke nan, ranar da ya tarar da littafi marar hoto kuwa zai tsaya cik. Ka ce masa, "Dubi harafin farko, d ne?"

Mu ma fa Allah ya sauƙaƙa mana, domin Hausar boko galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa, wasula biyar ne, ba be bi bo bu. Malaman allo ma da babbaƙu suke farawa, su zo farfaru, tsinke na bin harafi ɗaya bayan ɗaya.

Ma'ana tana da gurbinta, amma bayan an haɗa haruffa. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "gari" na iya zama na zama ko na tuwo. A nan ne za ka ce, "Karanta jimlar duka, wanne ake nufi?" Hoto kuma ku yi hira a kansa kafin a fara karatu.

Sai wani uba daga Maraɗi da ke cewa 'yarsa na rikita b da d. Alhaji, wannan ya zama ruwan dare ga masu farawa. Ka sa ta furta "b" tana jin leɓɓanta sun haɗu, ta zana shi a ƙasa da yatsa, sanda tukuna sannan ciki. Sai b ta zauna mata sosai za ka kawo d.