Karatun kariya daga gobara: aikin da ake yi kafin a haƙa harsashi

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka fara cike fom ɗin JAMB, tambaya guda ce take ta dawowa daga ɗalibai da iyayensu, daga Samaru har Tudun Wada: shin wanda ya karanta kariya daga gobara a jami'a, ɗan kwana-kwana zai zama? Wani dattijo ma cewa ya yi, bai ga dalilin da zai sa yaro ya shafe shekara 5 a jami'a domin ya koyi riƙe mesar ruwa ba.

Waɗannan da kuke gani a kan jar mota, su ne 'yan kwana-kwana, kuma sun cancanci kowace irin girmamawa, domin suna shiga inda kowa ke gudun fita. Suna da makarantunsu na horo, irin ta Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya da ke Sheda a Abuja, kuma ko a nan Zariya, kwalejin koyon aikin jiragen sama da aka kafa a 1964 tana horar da masu kashe gobarar filin jirgi. Aikinsu yana farawa ne bayan wuta ta kama. Shi kuwa injiniyan kariya daga gobara, mafi yawan aikinsa yana gama shi ne tun ginin yana kan takarda.

A nan ne ake samun ruɗani, don haka bari mu kawo misali. Ku ɗauka ɗakin taro ne mai cin mutum 600. Injiniyan zai auna lokaci iri biyu. Na farko, daga sa'ar da wuta ta tashi, minti nawa za a yi kafin hayaƙi ya taru a silin ya sauko daidai kan mutane, har numfashi da gani su gagara? Wannan ya danganta da abin da ke ci, ko katifar soso ce ko katako ko leda, da tsayin rufin, da hanyar da iska ke shiga. Na biyu, minti nawa mutanen za su yi kafin na ƙarshensu ya fita? A nan sai ya haɗa lokacin da na'ura za ta yi kafin ta ji hayaƙi ta yi ƙara, da lokacin da jama'a za su ɓata suna kallon juna, wani yana neman takalmi, wata tana neman ɗanta, sannan da lokacin tafiyar kanta.

Ku lura da ƙofofin ɗakin. Ƙofa mai faɗin mita ɗaya, a ƙiyasi, mutum ɗaya take fitarwa a kowace daƙiƙa. Idan ƙofofin biyu ne, mutum 600 za su fice cikin kusan minti 5. Idan kuwa mai gadi ya sa wa ɗaya sarƙa da kwaɗo saboda ɓarayi, lissafin ya koma minti 10, alhali hayaƙin bai ƙara musu ko daƙiƙa ɗaya ba. Dukkan ilimin nan yana zagaye ne a kan tabbatar da cewa lokaci na farko ya fi na biyu tsawo, da tazara mai gamsarwa. Shi ya sa injiniyan zai dage cewa ƙofa ta riƙa buɗewa ta waje, domin idan cunkoso ya danne ta, ba mai iya jawo ta ciki. Ni kam duk lokacin da na ga ɗakin kwanan yara mai ƙofa ɗaya, an kuma dasa ƙarfe a kowace taga, hankalina yakan tashi, domin a gobarar cikin gini hayaƙi ne ya fi kashe mutane, tun kafin harshen wuta ya iso gare su.

Sauran kayan kariyar da ake sa wa gini, duk hanyoyi ne na ƙara wa mutane lokaci. Akwai wani ɗan famfo da ake maƙalawa a silin, a bakinsa akwai 'yar kwalba mai jan ruwa, wadda take fashewa idan zafi ya kai maki 68 a ma'aunin Selsiyos, sai ruwa ya feso. Wanda zafin ya taɓa ne kaɗai yake buɗewa, ba dukkansu ba kamar yadda ake nunawa a finafinai. Akwai kuma ƙofa mai kauri da aka gwada ta ta jure wa wuta minti 30 ko 60. Shi kuma ƙarfen gini, idan zafi ya kusa maki 600, yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, shi ya sa ake lulluɓe shi. Gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta ci rayuka 72, ta bazu ne ta kayan da aka lulluɓe bangon waje da su, wato shawara ce da aka yanke a ofis tun kafin ranar.

To, ta ina ɗalibin Zariya zai bi? Jami'ar Maryland a Amurka tana da sashen wannan fanni tun 1956, akwai shi kuma a Edinbara ta Birtaniya da Lund ta Suwidin, amma hanyar da da yawa suke bi ita ce digirin farko a injiniyanci, sannan ƙwarewa a digiri na biyu. Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da injiniyancin injuna, da na sinadarai, da na gine-gine, da na lantarki, da kuma zanen gini, kowannensu kuwa ƙofa ce ta shiga. A JAMB, injiniyanci yana buƙatar Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Ƙannena, idan kun shiga, kada ku yi wasa da darasin yadda zafi ke ratsa abubuwa da na gudanar ruwa da iska, domin a kansu aka ɗora komai.

Wuraren aiki kuna ganinsu: matatun mai da rumbunan gas, masana'antu, manyan asibitoci, filayen jiragen sama, kamfanonin inshora masu auna haɗari kafin su karɓi gini, da hukumomin da ke amincewa da zane irin su KASUPDA a jihar Kaduna. Akwai kuma masu binciken musabbabin gobara bayan ta mutu. Mai son a kira shi injiniya a hukumance, sai ya yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyanci a Najeriya.

A ganina, inda muka fi buƙatar waɗannan mutane shi ne kasuwanninmu. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san irin dukiyar da ta salwanta. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincikensa na shekarar ƙarshe a kai, ya ɗauki ma'auni ya shiga kasuwar da ta fi kusa da shi, ya auna faɗin lunguna, ya duba ko motar kwana-kwana za ta iya kutsawa, ya ƙirga wayoyin lantarkin da aka jona a kan juna, ya gano inda ruwa mafi kusa yake, sannan ya kai sakamakon ga shugabannin kasuwar.